Sharhi: Dawaki 460 a Kan Tayoyi Huɗu



Sharhinmu na yau a kan mota ne, amma ba motar kai yara makaranta ba. Muna magana ne a kan motocin da aka ƙera domin gudu, irin su Ford Mustang da Dodge Challenger da Chevrolet Camaro na Amurka, da Nissan GT-R ta Japan. Duk wanda ke zagaya Maitama ko Wuse a Abuja da yamma, ko ya halarci ɗaurin auren masu hali a Kano ko Kaduna, ya san waɗannan motoci sun daɗe da shigo mana. Ya kuma san halin masu su: kafin a gama yi wa mota lamba, an fara cinikin sabon wili. Ta zo da mai inci 19, maigida yana son mai inci 22, mai walƙiya, wanda zai cika madigadi har ya leƙo waje.

Ba na cikin masu cewa kada a taɓa abin da kamfani ya saka. Mai mota yana da ikon ƙawata abarsa, kuma akwai sauyin da ke ƙara wa mota lafiya. Inda nake da ja shi ne tsarin da ake bi. Mutum yakan fara sayen wili don ya burge shi, sannan ya shiga neman tayar da za ta hau shi. A ganina an juya lamarin. Taya ake fara zaɓa, gwargwadon hanyar da motar za ta bi da ƙarfin da injin ke fitarwa, sannan a nemo wilin da ya dace da ita.

Bari mu ɗauki mota ɗaya mu yi aiki da ita, don kada maganar ta tashi a iska. Mustang GT ƙirar 2018 tana da inji mai silinda 8, lita 5, da ƙarfin dawaki 460, nauyinta kuma ya kusa kilo 1,700. Duk wannan ƙarfi ta tayoyin baya biyu kaɗai yake isa ƙasa, kuma inda kowace taya ke taɓa kwalta bai fi tafin hannun ƙato da wani abin kirki ba. Tashi, da kwana, da tsayawa, duk a wannan ɗan wuri ake yanke su. Inji ya yi iya rurinsa, idan taya ta ce ba ta riƙe ba, magana ta ƙare.

Kamfanin Ford ya fitar da wannan mota da tayoyi iri-iri. Ta yau da kullum tana zuwa da 235/50 R18. Wadda aka ƙara wa kayan gudu, da suke kira Performance Pack, tana zuwa da 255/40 R19 a gaba da 275/40 R19 a baya. Waɗannan lambobi suna jikin kowace taya, kuma karanta su ba wuya. A 275/40 R19, lambar farko faɗin taya ce, milimita 275. Ta biyu tsayin gefenta ne, wato kashi 40 cikin 100 na faɗin, milimita 110 ke nan. Ta ƙarshe girman wilin da za ta hau, inci 19, wanda ya kama milimita 483. Ka haɗa wili da gefen taya na sama da na ƙasa, ka sami tsayin ƙafar gaba ɗaya: kimanin milimita 703.

Mai sauraro, riƙe wannan lamba, domin ita ce ginshiƙin duk maganar. Kwamfutar mota ba ta ganin hanya, juyawar taya take ƙirgawa. Da wannan ƙirge take nuna maka gudu a maleji, da shi birkin ABS ke aiki, da shi na'urar hana santsi ke gane cewa baya ya fara zamewa, da shi giya mai sauya kanta ke sanin lokacin hawa da sauka. Shi ya sa masu wannan sana'a suka daɗe da ƙa'idar cewa kada tsayin sabuwar ƙafa ya bambanta da na asali da fiye da kashi 3 cikin 100, kuma in ya yi ƙasa da haka ya fi.

Ga yadda lissafin ke tafiya. Wanda ke son hawa inci 20 daga 19, sai ya rage gefen taya. A baya, 275/35 R20 tana ba da kimanin milimita 700, bambancin milimita 2 ko 3 kacal. A gaba, 255/35 R20 tana ba da kusan 687, daidai da 255/40 R19 da ta zo da motar. Wannan sauyi ne mai tsabta. Amma wanda ya ɗauko 265/35 R22, lambar da akan gani a ƙafar wasu jif, ya kai milimita 744, ƙarin kusan kashi 6 cikin 100. Maleji zai nuna masa 120 alhali yana kan 127, motar za ta yi nauyin tashi, tayar kuma za ta dinga gogar madigadi duk lokacin da ya karya kwana ko ya ɗauki mutane a baya.

To, mai son inci 22 zai ce shi ma sai ya rage gefe har tsayin ya dawo daidai. Lissafi ya yarda, hanya ce ba za ta yarda ba. Idan za a tsaya a milimita 703 da wili mai inci 22, abin da zai rage wa gefen taya kimanin milimita 72 ne, maimakon 110. Wannan roba da iskar da ke cikinta su ne ke fara karɓar duka kafin ya isa shokazoba. Ka rage su da kashi ɗaya cikin uku, sannan ka faɗa rami da gudu a hanyar Abuja zuwa Kaduna, ko ka hau tudun rage gudu na cikin unguwa ba ka lura ba. Gefen taya zai matse tsakanin bakin rami da bakin wili, zaren ciki ya tsinke, washegari ka ga ƙullutu ya fito. Taya mai ƙullutu ba ta da magani sai jefarwa. In dukan ya yi tsanani, wilin ma ya lanƙwashe ko ya tsage.

Akwai kuma nauyi. Babban wili yawanci ya fi nauyi, kuma nauyi ne mafi cutarwa, don yana juyawa, yana kuma ƙasan sifirin inda shokazoba ke fama da shi a kowane gargada. A 2010 mujallar Car and Driver ta Amurka ta gwada Volkswagen Golf ɗaya da wili daga inci 15 har zuwa 19. Da aka kai 19, shan mai ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100, tashin motar kuma ya ragu. Wanda yake ganin girman wili alamar ƙarfi ce ya dubi Dodge Challenger Demon ta 2018, mai dawaki 840 idan aka zuba mata man tsere. Challenger Hellcat da ba ta kai ta ƙarfi ba inci 20 take sakawa, ita kuwa Demon inci 18 aka ba ta, da taya 315/40 mai gefe milimita 126, saboda gefe mai tsayi yana lanƙwasawa ya damƙi kwalta lokacin tashi. Dalili mai ƙarfi guda ɗaya ne ke tilasta babban wili, shi ne girman birki. Mustang mai Performance Pack tana da birkin Brembo mai fistin 6 da faifai milimita 380 a gaba, don haka da yawa daga cikin wili masu inci 18 ba sa shiga.

Sai maganar faɗi, inda nan ne sauyi kan yi amfani na gaske. Hellcat ta fito a 2015 da dawaki 707 a kan taya mai faɗin 275, kuma masu gwada motoci sun yi ta ƙorafin cewa tayar ta yi mata kaɗan, da an taka totur sai hayaƙi. A ƙirar 2018 kamfanin Dodge ya fitar da mai faffaɗan jiki, ya koma 305/35 R20 a kan wili mai faɗin inci 11. A lura da abin da suka yi: ba taya kaɗai suka faɗaɗa ba, har wili da madigadi. Kowace taya tana da iyakar faɗin wilin da ta yarda da shi. Taya 275/40 tana zama a wili daga inci 9 zuwa 11. Taya 305/30 tana son daga 10 da rabi zuwa 11 da rabi. Ka cusa 305 a wili mai inci 9, tsakiyarta ta kumbura, gefunan su ɗage, ka biya kuɗin faɗin da ba ya taɓa ƙasa. Ka miƙe siririyar taya a kan faffaɗan wili don yayi, ka bar bakin wili a fili, kuma tana iya suɓucewa a kwana.

Faɗi ma yana da kuɗin da yake karɓa. Faffaɗar taya tana bin duk wani kwari da manyan motoci suka yi wa kwalta, sitiyari ya dinga fizgar hannu. Da damina kuwa ruwan da za ta kora ya fi yawa, kuma idan zanenta bai iya korar sa ba, motar ta hau kan ruwa, sitiyari da birki su zama ado. Tayoyin filin tsere irin Michelin Pilot Sport Cup 2 suna riƙo matuƙa a busasshiyar kwalta, amma zanensu kaɗan ne, ba a yi su don ruwan watan Agusta ba. Nau'in robar taya yakan yi tasiri fiye da ƙarin milimita 10 ko 20 na faɗi. Taya 275 ta kamfanin kirki za ta tsayar da mota kafin 305 da ba a san asalinta ba.

Sannan a kula da daidaito tsakanin gaba da baya. Idan baya ya fi gaba faɗi, motar tana samun riƙo wajen tashi, kuma in an matsa mata a kwana, gaba ne zai fara turjewa, wanda ya fi sauƙin gyarawa ga direban da bai ƙware ba. Idan faɗi ɗaya aka saka ko'ina, gaba yana cizon kwana sosai, ana kuma iya juya tayoyi gaba da baya don su ci daidai. Ford da kansa ya yi haka a Performance Pack mataki na biyu, inda ya saka 305/30 R19 a ƙafafu huɗu. Abin da ba a yi shi ne a sa sabbi masu riƙo a gaba a bar suɗaɗɗu a baya, don mota mai tura kanta da baya juyewa za ta yi. Mai motar da ke ja da ƙafa huɗu kuwa, irin GT-R, shi ne ya fi kowa buƙatar taka tsantsan. Tana zuwa da 255/40 R20 a gaba da 285/35 R20 a baya. Faɗinsu daban, amma tsayinsu 712 da 708 ne, kusan ɗaya. Ka ɓata wannan kusanci, na'urar raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ta ɗauka taya tana zamewa, ta yi ta aiki har ta ƙone, kuma gyaranta ya ninka kuɗin wilin.

Yanzu mu zo kan wilin kansa. Tambayar da aka saba ji a kasuwannin kayan mota irin Ƙofar Ruwa ko Apo ita ce: rami nawa ne? Aka ce biyar, sai a ce zai shiga. Rami biyar ba ɗaya ba ne. Na Mustang suna kan da'ira mai milimita 114.3, na Camaro 120, na Mercedes 112, na Porsche 911 kuma 130. Mafi haɗari shi ne na Challenger, 115, domin bambancinsa da na Mustang bai kai milimita ɗaya ba. Wilin zai shiga, noti zai ɗauru, amma kowane noti a karkace yake zaune, yana jan ƙusarsa gefe, har ranar da ɗaya za ta karye. Ramin tsakiya ma yana da nasa ma'auni. Na Mustang milimita 70.5 ne, na Camry 60.1, shi ya sa wilin Camry ba ya hawa Mustang ko da yake ramukan notinsu ɗaya ne. Idan kuma ramin sabon wili ya fi na motar faɗi, a sa zoben cike giɓi, in ba haka ba sitiyari zai yi ta rawa, a yi ta kai mota balansin ba a gane ciwon ba.

Akwai wata lamba da aka buga a bayan wili bayan haruffan ET, wadda ke nuna yadda zai zauna, ciki ko waje. Lamba babba tana tura shi ciki wajen shokazoba, ƙarama tana fito da shi waje. Misali, ka cire wili mai faɗin inci 9 da ET45, ka saka mai inci 10 da ET35. Bakinsa na waje zai fito da kimanin milimita 23, na ciki ya matsa ciki da kimanin 3. Wannan lissafi ake yi da takarda da tef kafin a biya kuɗi. Wilin da ya leƙo waje da yawa yana ƙara wa boris lodi, yana canza yadda sitiyari ke amsawa, bakin madigadi kuma yana yanka taya. A gwada shi a kan mota, a murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, a duba tazararsa da birki.

Ƙirar wili ma iri uku ce. Akwai na zubi, wanda ake narka alminiyam a zuba a mazubi, shi ne mafi araha da nauyi. Akwai wanda ake zubawa sannan a murza gangar jikinsa da zafi don ta yi ƙarfi da sauƙi. Akwai na ƙira, wanda ake matse dunƙulen ƙarfe da babban inji, irin wanda BBS na Jamus da Rays na Japan suka yi suna a kai. Kasuwa cike take da kwaikwayonsu, har da hatimin gwajin inganci na jabu. Araha ba ta ado, kuma wilin da ya tsage aka kai wa mai walda bai kamata ya koma ƙafar mota mai dawaki 460 ba. Ɗaurin noti ma da ma'auni ake yi. Mustang daga 2015 tana buƙatar Niyuton-mita 204, kusan ninki biyu na Camry. Wannan ba aikin mai faci ba ne ya zura bututu a sifana ya hau kai da ƙafa. A ɗaure da sifana mai ma'auni, a sake dubawa bayan tafiyar kilomita 100 ko makamancin haka.

Saura lambobi biyu a jikin taya da mutane ke tsallakewa. Bayan girman za ka ga wani abu kamar 101Y. Lamba 101 tana nufin tayar na ɗaukar kilo 825. Harafin kuma iyakar gudunta ne: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. Kada a sauka ƙasa da abin da ke rubuce a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, ko da ba a da niyyar ƙure maleji, domin taya mai babban harafi ta fi jure zafi, kuma kwaltarmu a watan Afrilu ba ta wasa. Sai shekarun taya. A ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu, 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana lissafa wa taya shekara 4, Ford yana ba da shawarar sauyawa bayan 6, Michelin kuma ya sa iyakar ƙarshe a shekara 10. Tayar gwanjo kuwa, ban da kasancewarta cikin kayan da aka hana shigowa da su Najeriya, ba ka san ramin da ta faɗa a baya ba. Wasu ma na sanyi ne, masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe, an yi su don hunturun Kanada da Jamus, a zafinmu laushi suke yi su cinye da wuri.

Abu na ƙarshe da ya kamata a tambaya kafin ciniki: idan wannan taya ta fashe a Zariya ranar Lahadi, a ina za a sami irinta? Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya bi baya a Legas, daga waje tayoyinmu ke zuwa, kuma lambar da ba ta da kasuwa sai an yi odarta. Da yawa daga cikin waɗannan motoci ba sa zuwa da safaya, sai ɗan famfo da ruwan liƙi, wanda ba ya maganin gefen da ya yage. Mai lamba ta daban ya sayi biyar ko shida tun farko, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Shawarata ga mai Mustang GT da ke bin hanyoyinmu ita ce ya tsaya a inci 19. In ido ya matsa masa, ya hau 20 da lambobin da muka lissafa, ya tsaya nan. Kuɗin da zai zuba a inci 22 ya kai su ga taya sabuwa ta kamfanin da aka sani, da wili mara nauyi mai ingancin gaske, da alaimen a wurin masu na'ura, da gejin iska nasa na kansa da zai riƙa dubawa da safe kafin taya ta yi zafi. Mai wata motar kuma ya bi hanya ɗaya: ya karanta takardar bakin ƙofa, ya lissafa tsayin ƙafa, ya zaɓi taya, sannan wili. Kuma ya sani ba don kansa kaɗai yake wannan lissafi ba. A titin da yake bi akwai ɗan adaidaita sahu da fasinjojinsa, akwai mai tura baro, akwai yara masu tsallakawa zuwa Islamiyya, kuma tazarar da motarsa za ta ci kafin ta tsaya ta dogara ne da zaɓin da ya yi a shagon taya.

A nan za mu dasa aya. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu.